Abin da Riɗi Ya Sha

Ƙarfe huɗu, kafin ladan ya gyara murya,
ni da Kaltume mun shiga kunyoyi,
fitila ɗaure a goshi, ƙwarya a kugu,
raɓa har gwiwa.
Can a madatsar Dadin Kowa
ruwa na ta gunaguni shi kaɗai
kamar tsohon da aka tasa bai gama barci ba.

Yasmin ba ta shiri da rana.
Da dare take buɗe baki
ta faɗi duk abin da ke ranta,
gari na wayewa ta yi gum.
Shi ya sa muke zuwar mata kamar ɓarayi,
da yatsu biyu, ban da farce.
Bappa Siddi ya ce wanda ya murje ta ya kashe ta:
tabo ɗaya, ta koma launin tsatsa.

Shi ya kawo ta,
reshe uku a jiƙaƙƙen tsumma,
shekarar da ya dawo daga Sudan
da tari, da rabin haƙoransa.
Aka yi ta dariya a bakin lambu:
kowa na dasa albasa yana ƙirga kuɗi,
wannan ya dasa abin da ba ya shiga miya.
Bai tanka ba. Ya ci gaba da ban ruwa.

A ɗakin baya, inda ba a hura wuta,
mukan shimfiɗa riɗi wankakke, an tuɓe masa riga,
mu zuba fure, mu lulluɓe da riɗi,
mu ƙara fure,
kamar uwa mai jera yara a tabarma ɗaya.
Gobe a kwashe matattu, a zuba sababbi.
Jibi haka. Gata haka.
Kwana ashirin da ɗaya riɗi na sha,
bai taɓa cewa ya ƙoshi ba.
Sannan a kai shi matsa.

Ɗis.
Sai ka ƙirga goma kafin wani ɗis.
Kaltume ta taɓa lissafa furen safiya guda,
ta ɓata a dubu bakwai, ta ja tsaki:
duk wannan bai cika cokali ba!

Ran Laraba mai sikeli kan zo daga Kano.
Ya ɗiga a bayan hannu, ya lumshe ido,
mu ga maƙogwaronsa ya motsa,
sannan ya buɗe ido ya ce, "Na bana da sauƙi,"
ya rage mana ɗari biyar.

Ni kuwa hancina ya daɗe da mutuwa.
Shekara tara cikinta, ba na jin komai.
Ai mai ɗaki ba ya jin warin ɗakinsa,
ashe har ƙamshi ma haka ne.

Sai ranar da na shiga Gombe sayen magani.
A wani shago mai gilashi
kwalba ga ta kamar ɗan yatsa,
da suna da bakina ya kasa juyawa,
kuɗinta wata biyu na sammakona.
Yaron shago ya fesa mini a wuyan hannu, don tausayi ko don talla.
Na shinshina.
Da fari yaji, sai wani zaƙi na baƙi,
sai can ƙasa, a hankali,
ƙarfe huɗu ta taso:
raɓa, ƙwarin da ke bin fitila,
tarin Bappa daga bukka,
Kaltume na waƙa ƙasa-ƙasa don kar barci ya kwashe ta.

"Daga waje ake kawo shi," in ji yaron.
Na ce, "Haka ne, ɗana. Daga waje.
Ba a ɗaki muke tsinkarsa ba."

Da na dawo gida ban wanke hannun ba.
Ladidi ta rugo ta cusa fuska a zanena,
ta ture wuyan hannun, ta ce,
"Wannan na wace ce?
Ni naki nake so."